CPU-Z: Ƙaramar Manhajar Da Ke Raba Gardama Kan Gudun RAM

Da za a ce in zaɓi manhaja ɗaya tak wadda nake so in gani a filashin kowane mai shagon kwamfuta daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, ba sai na yi dogon tunani ba. CPU-Z zan ce, in sake cewa CPU-Z. Kyauta ce. Nauyinta 'yan megabait ne kawai. Ba ta jiran intanet kafin ta yi aiki. Kana danna ta, kafin ka gyara zama ta zayyano maka manyan abubuwan da ke cikin akwatin kwamfutarka, ba ka kwance noti ko ɗaya ba. Kamfanin CPUID na ƙasar Faransa ne ke fitar da ita, Franck Delattre ne ya rubuta ta, kuma ta haura shekara 20 a hannun jama'a ana sauke ta ba ko kwabo. Ni masoyinta ne na haƙiƙa. Abin da ya fi ɗaure ni da ita shafuka biyu ne, wanda aka rubuta wa Memory da wanda aka rubuta wa SPD. Duk wanda ya iya karanta shafukan nan biyu, an daina yi masa rufa-rufa a cinikin RAM, shi ma ya daina zargin ɗan kasuwa a kan abin da bai yi ba.

Mu muka fi kowa buƙatarta

Zaga shagunan buga takardu na garuruwanmu ka ga irin nauyin da kwamfutar tebur ke ɗauka. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015 aiki ya ƙaru. Ga duba sakamakon WAEC da NECO, ga cike fom na makaranta da na neman aiki, ga katin ɗaurin aure da ake tsarawa da CorelDRAW, ga matasa masu tace bidiyon biki da na wa'azi. Mafi yawan injinan nan tokumbo ne: Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. Sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka Legas, suka biyo ta kasuwar Computer Village ta Ikeja ko titin Beirut na Kano, suka iso Gusau ko Sakkwato, sannan aka ɗoro su a mota zuwa gare mu. Kafin inji ya zo hannunka ya ratsa hannaye da yawa, kuma a cikinsa babu abin da ya kai RAM sauƙin cirewa da musanyawa. Maƙalai biyu ake dannawa ya fito.

Mutumin Kano in ya sayi RAM bai dace da injinsa ba, adaidaita sahu zai hau ya mayar. Mutumin Bukkuyum ko Gummi kuwa yini guda ne a gabansa, ga kuɗin mota, ga fargabar hanya a halin da muke ciki. Saboda haka dubawar da za a yi, a shagon mai sayarwa ya kamata a yi ta, kafin kuɗi su bar aljihu. Nan CPU-Z ta yi zarra. Tana da nau'in da ba sai an girka shi ba, daga filash ake buɗe shi kai tsaye. Wanda ya ga watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara, ya san darajar kayan aikin da ba ruwansa da sabis.

"Na sayi 1600, ga 800 nake gani!"

Wannan ita ce gardamar da ta fi yawa. Mutum ya sayi RAM an ce masa DDR3 ne mai gudun 1600. Ya buɗe shafin Memory, ya duba layin da aka rubuta DRAM Frequency, sai ya ga 798 ko 800. Ransa ya ɓaci. "Alhaji, rabin abin da na biya ka ba ni!" Alhali Alhaji bai cuce shi ba, manhajar ma ba ta yi kuskure ba.

Ga yadda abin yake. A cikin kwamfuta akwai agogon lantarki da ke bugawa, kuma yawan bugunsa a daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da megahaz. Tsohon RAM na shekarun 1990 sau ɗaya yake miƙa bayani a kowane bugu. Daga shekarar 2000 aka shigo da tsarin DDR, wanda ke miƙa bayani sau biyu a bugu ɗaya: sa'ad da wutar ke hawa, da sa'ad da take sauka. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon lugude ya san wannan. Mata biyu a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na tashi ta waccan na sauka. Kowace da nata saurin na yau da kullum, amma turmin yana shan duka ninki biyu. To CPU-Z saurin taɓarya ɗaya take faɗa maka, sitikar da ke jikin RAM kuma yawan dukan da turmi ke sha ta rubuta. Ka ninka abin da ka gani sau biyu, magana ta ƙare:

In ka ga 665 ko 667, DDR3-1333 ne.
In ka ga 800, DDR3-1600 ne.
In ka ga 1066, DDR4-2133 ne.
In ka ga 1200, DDR4-2400 ne.
In ka ga 1333, DDR4-2666 ne.
In ka ga 1600, DDR4-3200 ne.

Kada 798 a maimakon 800 ta dame ka, agogon madabod ne ke ɗan gocewa kaɗan, kuma haka yake a kusan kowane inji. Abin da ke burge ni shi ne manhajar ta tsaya a kan gaskiyar ma'auni, ba ta bi harshen talla ba. Lambar 1600 ɗin nan adadin miƙa bayani ne, miliyan 1600 a daƙiƙa, ba megahaz ba ne. Kamfanin Microsoft da kansa sai a 2024 ya fara gyara wannan a Task Manager na Windows 11, ya sauya MHz zuwa MT/s. CPU-Z kuwa tun fil azal abin da agogo ke bugawa take nunawa.

Akwai lamba ta uku da ke rikita mutane, wadda ke jikin sitika: PC3-12800. Ita ma lissafi ne mai daɗi. Sandar RAM tana miƙa bait 8 a lokaci guda. Ka ninka 1600 sau 8, ka samu 12800, wato megabait 12,800 a daƙiƙa. Haka PC3-10600 ke nufin DDR3-1333, PC4-19200 ke nufin DDR4-2400, PC4-25600 kuma DDR4-3200. Ashe 800 da 1600 da 12800 duk abu ɗaya suke faɗa, kowace ta fuskarta. Ranar da wannan ya zauna maka a kai, wallahi sai ka ji kamar an yaye maka labule.

Lambobin jira

Ƙasa da layin gudu akwai wasu lambobi a jere, irin su 11, 11, 11, 28. Su ne lambobin jira, kuma nan ne daɗin karatun yake. Don a gane su sai an san yadda RAM ke ajiye bayani. Tsarin da ake amfani da shi har yau Robert Dennard na kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro, aka ba shi shaidar mallaka a 1968: kowane ɗigon bayani ɗan caji ne a cikin wata mitsitsiyar ma'ajiyar wuta. An shirya biliyoyinsu sahu-sahu, kowane sahu da gurabensa. In furosesa na neman wani bayani, sai an buɗe sahun da yake ciki, a nufi gurbinsa, a ɗauko, sannan a rufe sahun kafin a buɗe wani a wannan rukunin. Kowane mataki yana cin wasu bugun agogo, kuma CPU-Z ta jera su da sunayensu.

CL shi ne yawan bugun da ake jira daga neman gurbi zuwa fitowar bayani. Shi ne 'yan kasuwa ke ambata in sun ce CL11 ko CL16. Na biyu, tRCD, jira ne daga buɗe sahu zuwa lokacin da za a iya neman gurbi a cikinsa. Na uku, tRP, lokacin rufe sahu ne kafin a buɗe wani. Na huɗu, tRAS, shi ne mafi ƙarancin lokacin da sahu zai zauna a buɗe. Akwai kuma tRFC, wanda ya shafi sabunta caji. Cajin nan tsiyayewa yake yi, dole a riƙa sabunta shi, a DDR3 da DDR4 cikin kowace milisakan 64. Dalilin ke nan da ya sa in aka ɗauke wuta, ko janareta ya shaƙe, duk aikin da ba a adana ba ya tafi. RAM ba ya riƙe komai sai da wuta.

A lambobin jira, ƙarama ta fi babba, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan ne mutane da yawa ke tsallakewa. Wani zai ce tsohon DDR3 ɗinsa mai CL11 ya fi DDR4 mai CL22 saurin amsawa, tunda 11 rabin 22 ne. A'a. Lambobin nan ƙidayar bugu ne, bugun kuma ba tsawonsa ɗaya ba. Ga lissafin da ke warware shi: ka ninka CL sau 2000, ka raba da gudun da ke jikin sitika, abin da ya fito shi ne jiran a nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa.

DDR3-1600 mai CL11 zai ba ka 13.75. DDR4-3200 mai CL22 shi ma 13.75 cif. Kunnen doki suka yi a jira, amma na biyun yana kwaso bayani ninki biyu. DDR4-2400 mai CL17 ya kai kusan 14.2. DDR4-3200 mai CL16 kuwa 10 ne, shi ya sa ya fi tsada. DDR5-4800 mai CL40 yana ba da kusan 16.7, DDR5-6000 mai CL30 kuma ya dawo 10. Dubi abin mamaki: daga DDR3 na 2007 zuwa DDR5 da aka fitar da ƙa'idarsa a 2020, yawan bayanin da ake kwasa ya ninninka, amma jiran farko yana nan tsakanin nanosakan 10 zuwa 17. Da kalkuletar wayarka da wannan shafi guda za ka auna kowace sanda da aka miƙo maka.

SPD, katin shaidar kowace sanda

In shafin Memory yana nuna yadda RAM ke gudu a yanzu, shafin SPD yana nuna abin da masana'anta ta rubuta a kansa. A jikin kowace sanda akwai wani ɗan ƙaramin aisi daban da manyan baƙaƙen, wanda ke ɗauke da bayanan sandar. CPU-Z na karanto shi silot bayan silot. Za ka ga girman sandar, da sunan wanda ya haɗa ta, Kingston ne ko Crucial, da sunan wanda ya ƙera ƙwayoyin, galibi Samsung ko SK hynix ko Micron. Za ka ga lambar samfuri, sau da yawa har da mako da shekarar da aka ƙera ta. Can ƙasa kuma ga jadawalin gudun da sandar ta amince da shi, da lambobin jiran kowanne, da ƙarfin wutar da take sha.

Kai, wannan shafi alheri ne! An ce maka gig 8 ne sanda ɗaya? Duba, ko 4 da 4 ne. An ce sabo ne dal? Ga shekarar ƙira. Kana son ƙara RAM? Ɗauki hoton shafin da wayarka ka tura wa wanda zai sayo maka a Kano, ya nemo mai lamba iri ɗaya.

Batun ƙarfin wuta ba wasa ba ne. DDR3 na shan bolt 1.5, DDR3L 1.35, DDR4 1.2, DDR5 kuma 1.1. DDR3 na tebur yana da haƙora 240, DDR4 288, kuma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ya shiga mazaunin ɗaya. Ga wani tarko da ke kama masu saye: Dell OptiPlex 3040 da 7040 duk zubin shekara ɗaya ne, furosesa ƙarni na 6, amma 3040 DDR3L yake ɗauka, 7040 kuma DDR4. Wanda ya yi sayayya da ka, ba tare da dubawa ba, sai ya koma kasuwa.

Harafin da ke bin lambar sitika ma yana magana. A PC3-12800U, harafin U na kwamfutar tebur ne, S na laftof, R kuma na manyan injinan saba, wanda ba ya tashi a injin ofis ko da ya shiga silot. A DDR4 za ka ga 2133P, 2400T, 2666V ko 3200AA. Haruffan nan CL suke nufi: 15, 17, 19 da 22 bi da bi.

In gudun ya gaza abin da aka rubuta

Wani lokaci ka ninka sau biyun, amma bai kai lambar sitika ba. Shafukan nan biyu in ka haɗa su da shafin CPU za su nuna maka dalili, kuma dalilan uku ne.

Na farko, furosesa na da iyakarsa. A injinan ofis, Core i5-2400 yana tsayawa a 1333, i5-3470 da i5-4570 a 1600, i5-6500 a 2133, i5-7500 a 2400, i5-8500 a 2666. Ka sa DDR4-3200 a injin i5-6500, zai yi aiki lafiya lau, amma a 2133. Kuɗin da ka ƙara don gudun da injinka ba zai taɓa kaiwa ba, da ka sa su a ƙarin gig.

Na biyu, gauraya. In ka haɗa sanda mai 1600 da mai 1333, duka biyun za su bi gudun ta ƙasa.

Na uku, XMP. Ƙungiyar JEDEC ce ke tsara gudun da kowane RAM ke tashi da shi. A 2007 kamfanin Intel ya fito da XMP, wani ƙarin jadawali mai gudu sama da na asali, AMD kuma ya kawo nasa mai suna EXPO a 2022. Sanda mai 3200 da CL16 galibi ta hanyar XMP take kai wannan gudu, kuma sai an kunna shi a BIOS. In ba a kunna ba za ta zauna a 2133 ko 2400. Matashin da ya haɗa injin Ryzen don tace bidiyo, ya duba wannan yau, ƙila gudun da ya biya kuɗinsa yana nan kwance. Amma injinan ofis na Dell da HP galibi ba su da wannan zaɓi, don haka sayen irin wannan sanda dominsu asarar kuɗi ce.

Sai layin da na fi so in nuna wa mutane, wanda aka rubuta Channel. In ka ga Single ko 1 x 64-bit, hanya ɗaya bayani ke bi. In ka ga Dual ko 2 x 64-bit, hanya biyu ce, faɗin ya ninka. Sanda biyu masu gig 4 a silot ɗin da suka dace, galibi masu launi ɗaya, sun fi sanda ɗaya mai gig 8 kwasar bayani. Bambancin ya fi fitowa a injinan da ba su da katin hoto na daban, domin sashen hoton da ke cikin furosesa daga RAM yake ɗiba. Mutum zai iya shekara da sanda biyu a silot ɗin da ba su dace ba. Sauya mazauni kawai, ba ko naira, ya samu ƙari. Wace manhaja ce za ta yi maka wannan gata?

Inda aikinta ya tsaya

Son da nake mata ba zai hana ni faɗin iyakarta ba. Da Turanci take magana, sai an koya wa mutum layukan. Ba ta gwada lafiyar RAM. In injinka na maƙalewa ko yana kawo shuɗin allo, MemTest86 za ka nema, ka bar shi ya zaga sosai. Ba ta nuna zafi, wannan aikin ƙanwarta ce HWMonitor ta kamfani ɗaya, kuma mai inji a zafin Maris da Afrilu na ƙasarmu yana buƙatarta. Ƙurar hunturu ma kan shiga silot ta hana inji tashi. A kashe wuta, a cire sanda, a goge haƙoranta a hankali, a mayar.

Sannan abin da aka rubuta a aisin SPD shi take karantowa, kuma 'yan jabu na iya sake rubuta shi. Don haka a haɗa ukun: sitika, da shafin SPD, da gwaji. A kuma sauke ta daga shafin kamfanin, cpuid.com, domin a 2023 an gano masu damfara suna tallata jabunta mai ɗauke da ƙwayar cuta a intanet.

Gaskiya ta ƙarshe ita ce, ga mai buga takardu da cike fom, yawan gig ya fi lambobin jira tasiri nesa ba kusa ba. Tashi daga gig 4 zuwa 8, ko sauya tsohon faifai da SSD, shi za ka ji a hannunka nan take. Bambancin CL17 da CL19 kuwa ba za ka lura da shi a Word ba. Wannan ma ilimin lambobin ne ke koya maka, ka san inda kuɗinka za su yi amfani.

Hukuncina

A wurina CPU-Z ta ci maki goma cikin goma. Ban san wata manhaja mai ƙanƙantarta da ke tsare wa talaka kuɗinsa kamar ita ba, kuma adalcinta ya shafi kowa: mai saye ba a cuce shi ba, mai sayarwa na ƙwarai ba a ɓata masa suna ba. Ina kira ga masu gyara da masu shaguna a Anka, Gummi da Bukkuyum da su koya wa yaransu karanta shafukan nan biyu tun a makon farko. Malaman kwamfuta a makarantunmu su sa wannan lissafi a darasi, domin ninkawa da rabawa ne kawai, kuma yaro zai ga amfaninsa da idonsa. Masu sayo wa makarantu da ofisoshi injina da yawa su buɗe ta a kan kowane inji kafin su sa hannu a takardar karɓa. Kai kuma mai karatu, in za ka sayi kwamfuta ko RAM, tafi da ita a filashinka, ka ce a kunna maka, ka duba gudu, ka ninka sau biyu, ka leƙa SPD, sannan ka biya. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.